Kafin Fenti Ya Bushe

 'Ya'yana, na duba ayyukanku, hannu kam kuna da shi, wasunku ma sun fi mu iya kamanta fuska lokacin da muke sa'anninku. Sai dai na lura yawancinku kuna son ku san ƙarshen zane tun kafin ku buɗe gwangwanin fenti. Mutum zai ɗauko hoto a waya, ya ja masa layuka gida-gida, ya ja irinsu a ƙyalle, ya bi yana cikewa har ya kai kusurwar ƙarshe. Ba na raina wannan. Da shi ake koyon awo, da shi kuma ake samun na cefane. Amma wanda ya tsaya a nan bai san tsakiyar aiki ba, wurin da abin da ke gabanka ya daina kama da wanda ka ƙudurta, bai kuma fara kama da komai ba tukuna. Launuka sun dagule, tsari ya karkace, kana addu'ar kada wani ya leƙo. A wannan gaɓar matashi kan jefar da aikin gaba ɗaya, ko kuwa ya yi maza ya lulluɓe shi da ƙawa don ransa ya huta. Ni kuwa so nake ku koyi zama a wurin, domin zanen kirki daga nan yake fitowa.

Ku fara kwantar da hankalinku, wannan ruɗanin a cikin kayan aikin yake, kuma ya riga ku zuwa duniya. A 1824 aka ɗora wani masanin sinadarai, Michel Chevreul, a kan sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Paris. Masaƙa suka yi ta ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya yin baƙi yadda ya kamata. Ya binciki rinin ciki da waje, bai sami aibu ba. Ashe laifin na maƙwabta ne: baƙin da aka saƙa a gefen shuɗi ko shunayya, ido yakan gan shi kamar ya koɗe. A 1839 ya fitar da littafi guda a kan wannan al'amari. Ku gwada da kanku yau. Ku haɗa ruwan toka, ku ɗiga shi a tsakiyar ja, za ku ga ya yi kore-kore. Ku ɗiga shi a tsakiyar kore, zai yi ja-ja. Fenti ɗaya ne daga faranti ɗaya. To idan kowane ɗigo da ka ƙara yana sauya duk abin da ke kewaye da shi, ta ina za ka san kamannin zane tun ranar farko?

Paul Cézanne ya san wannan har ya zame masa wahala. A 1899 ya zaunar da dillalin zane Ambroise Vollard don ya zana shi, kuma Vollard da kansa ya ƙirga cewa ya zauna masa sau 115. Bayan duk wannan zaman, akwai 'yan wurare biyu ƙanana a bayan hannun da Cézanne ya bari ba fenti. Da Vollard ya yi masa magana, sai ya nuna masa cewa bai sami launin da ya dace da wurin ba tukuna, in kuwa ya sa wani abu da ka, sai ya sake zanen gaba ɗaya daga wannan ɗigon. Zanen yana nan a Paris da 'yan fararen wurarensa. Ni dai ban taɓa jin wanda ya tsaya a gabansa ya ce a mayar wa mai shi ya ƙarasa ba.

Sannan fentin ma ba ya tsayawa yadda ka bar shi. Akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, saboda ƙaron da ke riƙe shi fari-fari ne yana ɗanye, sai ya washe daga baya. Fentin ruwa da ake yi a takarda shi kuma haske yake ƙarawa. Fentin mai yakan dushe a wasu wurare idan na ƙasa ya shanye mansa. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga irin wannan da idonsa: a tsamo yadi daga karofi, ya fito kore-kore, sai ya sha iska kaɗan shuɗin ya bayyana. Baƙo ne zai ɗaga murya ya ce an ɓata masa kaya. Marini ba ya ko ɗaga kai, ya san rininsa, ya san kuma sau nawa zai sake tsomawa. Ku ma sai kun san fentinku haka, har ku riƙa ganin launin gobe a cikin na yau.

Kada ku ɗauka manya sun tsira daga sauye-sauye. A 1935 Henri Matisse ya shafe wajen wata shida a kan zane guda na wata mace a kishingiɗe, yana ɗaukar hotonsa duk lokacin da ya ga kamar ya kai wani mataki, har hotuna 22. Na farko ya fi kama da mutum, na ƙarshe ya fi ƙarfi, kuma abin da ya faru a tsakani yawancinsa ragewa ne. Haka Picasso, da jiragen yaƙi suka ragargaza garin Guernica na Sifaniya ranar 26 ga Afrilu 1937, ya shimfiɗa ƙyalle mai tsawon kusan mita takwas ya shiga aiki, Dora Maar tana ɗaukar hoton matakan. A hotunan farko akwai wani hannu a tsakiyar zanen, an ɗaga shi sama a dunƙule. Abu ne da zai burge 'yan siyasa, ya kuma sa a tafa. Picasso ya cire shi. Sau da yawa wurin da ya fi burge ku a cikin zane, wanda kuke kewaye shi da buroshi kuna tsoron taɓawa, shi ne yake hana sauran aikin tafiya. Na san wannan maganar ba ta da daɗin ji.

Yanzu bari mu dawo gida, domin malamin da ya fi dacewa da wannan zance a Zariya ya yi rayuwarsa. Gani Odutokun an haife shi a Ghana a 1946, ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya gama a 1975, ya ci gaba da koyarwa a nan har Allah ya karɓi ransa a haɗarin mota a 1995, a hanyar dawowa daga Legas. Yana daga cikin hanyoyinsa ya tsinka fentin mai har ya zama ruwa-ruwa, ya zuba a ƙyalle, ya bar shi ya gangara, ya haɗu da wani launin, ya yi abin da ba wanda ya tsara. Daga nan sai ya tsaya ya duba abin da ya samu, ya ga inda siffa take son fitowa, ya bi ta da hannu. Tunaninsa shi ne aiki yana tsakanin abin da ya faru bisa tsautsayi da abin da mutum ya shirya, kuma a kan wannan tunanin aka gina baje kolin da aka yi don tunawa da shi a Landan a shekarar 2000.

Na ga yara da yawa sun ji wannan labarin, sun sayi tina, sun kwarara fenti a ƙyalle, sun ce su ma sun yi. Ayya. Zubawa ai kowa ya iya, ko ɗan yaye in ya ture gwangwani ya zuba. Abin da ya raba Gani da su shi ne idon da ke duban abin da ya zubo. Mutum ne da ya ƙware a zanen fensir da gawayi, ya san ƙashi da tsoka, ya san yadda nauyi ke zama a cikin hoto. Saboda haka idan fenti ya gangara ta hanyoyi goma, yana iya gane guda ɗayan da ke da rai, ya share tara. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai idon da ya san ƙima shi ne wanda ya daɗe a bakin mudu. 'Yar kasuwar da take kallon tarin gero ta faɗi yawansa ba wahayi aka yi mata ba, shekaru ta yi tana awo.

Haka abin da muke ji a jiki yake. Kana cikin aiki sai zuciya ta raya maka cewa a nan ja ake so, ba ka da hujja, ba ka iya bayani. Ku saurari wannan muryar, ni ma da ita nake aiki. Amma ku san daga ina take zuwa: duk abin da ido ya taɓa kallo da kyau, hannu ya taɓa gwadawa, yana taruwa a wani wuri, ranar buƙata sai ya fito da sauri fiye da tunani. Wanda bai tara komai ba, me zai fito masa? Shi ya sa nake matsa muku a kan ƙaramin littafin zane a aljihu. Ku zauna a tasha, a bakin kasuwa, a inuwar masallaci bayan la'asar. Ku zana bangon ƙasa ɗaya da hantsi, ku sake zana shi da yamma, ku zana shi a cikin hazon hunturu lokacin da komai ya koma ruwan toka, ku zana shi bayan ruwan farko. Claude Monet, a tsakanin 1890 da 1891, ya zana tarin damman hatsi na wata gona kusa da gidansa a Giverny har sau wajen 25, yana jera ƙyallaye da yawa yana sauyawa duk lokacin da haske ya juya. Daga baya ya yi wa fuskar babban cocin Rouen fiye da zane 30. Mai kallo zai ce tsohon nan ya rasa abin zanawa. Shi kuwa haske yake karanta, kuma bai yarda ya iya karatun ba don ya yi sau ɗaya.

Akwai kuma masu shigar burtu. Tsoro yakan zo da muryar basira ya ce kada ka taɓa, za ka ɓata. Kasala takan ce ai ya yi haka nan. Son yabo ya fi su wayo, shi yakan ce ƙara ƙyalli a ido, ƙara santsi a kumatu, mutane za su so. Yadda nake rarrabewa shi ne, muryar gaskiya takan nuna wuri: kusurwar hagu ta yi nauyi, wannan shuɗin ya yi sanyi da yawa. Kuma in ka kwana ka tashi, za ka tarar da ita tana nan tana faɗin abu ɗaya. Ta ƙarya kuwa ba ta da takamaiman wuri, gaggawa kawai gare ta, so take a gama a ɗauki hoto a tura Facebook kafin magariba. In kun rasa gane wacce ke magana, ku ba ta dare ɗaya.

Duk wannan haƙuri yake so, kuma wani ɓangarensa fentin ne da kansa zai tilasta muku. Fentin mai ba ya bushewa irin ta wanki a igiya. Man da ke cikinsa iska yake sha a hankali har ya daskare, kuma daga sama yake farawa. Launukan ƙasa masu duhu kan kama cikin kwana ɗaya ko biyu, fari mai kauri kuwa sai ya kai mako ko fiye. In ka ɗora sabon shafi a kan wanda bai kama ba, su biyun za su cakuɗe su zama taɓo. In ka sa mai ƙarancin mai a kan mai yawan mai, na saman zai riga bushewa, na ƙasan yana motsi, bayan 'yan shekaru sai fuskar zanen ta tsattsage. Sauri ya haifi nawa ke nan. Da hunturu kuma akasin haka ne ga masu akirilik, fenti na bushewa a bakin buroshi, ga ƙura tana sauka a kan ɗanyen aiki. Ku jingina shi fuskarsa na kallon bango, ku rufe taga.

Ɗaya ɓangaren haƙurin shi ne mai wuya, domin ba wanda zai tilasta muku. Lokacin da Leonardo da Vinci yake zanen jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa a bangon ɗakin cin abinci na wani gidan ibada a Milan, tsakanin 1495 da 1498, wani yaro mai suna Matteo Bandello yana ganinsa, ya kuma rubuta labarin da ya girma. Wata rana Leonardo zai hau kan katako tun asuba, ba ci ba sha har faɗuwar rana. Sai kuma ya yi kwanaki bai taɓa buroshi ba, yana zuwa dai ya tsaya ya ƙura wa bangon ido. Wani lokaci ya taho da tsakar rana, ya yi shafa ɗaya ko biyu, ya juya ya tafi. Titian na birnin Venice, wanda ya rasu a 1576, an ruwaito yakan juya zanensa ga bango ya bar shi watanni, in ya juyo da shi sai ya dube shi kamar abokin gaba, yana neman aibunsa. Dalilin a fili yake. Ido yana sabawa. In ka yi awa shida kana kallon karkataccen hanci, zai miƙe maka. Ku ja da baya, ku duba aikin a madubi, ku kifa shi kai a ƙasa, ku ɗauki hotonsa ku mai da shi baƙi da fari don ku ga haske da duhunsa kawai. Duk dabarun mayar da kanka baƙo ne a gaban abin da ka yi.

Amma kada ku fake da Leonardo. Zanensa da suka iso gare mu ba su kai 20 ba, da yawa ya bari a hanya. Shi wancan na bangon Milan ma, saboda yana son ya yi aiki a hankali, ya ƙi bin hanyar da aka saba ta yin fenti a kan ɗanyen yaɓe, wadda take buƙatar sauri, ya yi nasa a kan busasshen bango. Tun yana raye fentin ya fara ɓarewa, an kuma yi ta fama da gyara har 1999. Jira ma yana da nasa kuɗin. Kuma akwai bambanci tsakanin wanda ya ajiye zane yana zuwa kullum yana dubansa, yana gwada mafita a 'yar takarda, da wanda ya tura shi bayan ƙofa don kada su haɗa ido. Shawarata ita ce ku riƙa tafiyar da aiki biyu ko uku a lokaci guda. In wannan ya ƙi magana, ku koma ga wancan, hannu bai huce ba, shi kuma na farkon yana samun sararin da yake so.

Akwai wani jiran da ya fi na kwanaki, wato jiran mutum ya gano abin da shi kansa zai zana. Ibrahim El-Salahi na Sudan, an haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin allo ne. Ya tafi Landan ya yi karatu a makarantar Slade daga 1954 zuwa 1957, ya dawo da ƙwarewa irin ta Turawa, ya baje kolin aikinsa a Khartum, mutanen gari suka nuna ba ruwansu. Bai zage su da jahilci ba. Ya shiga yawo cikin ƙasar yana duban abin da mutane ke ratayewa a ɗakunansu, abin da suke saƙawa, da rubutun da suka taso suna gani a allo. Sannu a hankali haruffan Larabci suka shiga aikinsa, ya riƙa buɗe su yana samun siffofi a cikinsu. Wannan ya ɗauke shi shekaru. A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi a kurkukun Kober wata shida ba shari'a, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. A can yakan yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, ya yi zane da guntun fensir, in mai gadi ya taho ya binne a yashi. Daga nan ya samo hanyar da ya yi ta bi daga baya: ya fara da ɗan ƙwaya a takarda ɗaya, bai san girman da aikin zai kai ba, in ya cika sai ya haɗa wata takardar a gefe ya ci gaba. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa, yana da shekara 82 zuwa 83. Ba ina yi muku fatan kurkuku ba, Allah ya tsare. Ina dai so ke 'yata da kike kuka don kin shekara biyu da gama makaranta ba ki sami salonki ba, ki san shekarun da wasu suka yi suna nema. 'Yan ƙungiyar zane ta Zariya da suka haɗu a 1958, su Uche Okeke, Yusuf Grillo, Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, tambaya ɗaya suka tashi da ita, ta yadda za a haɗa abin da aka koyo da abin da aka gada, amma kowannensu sai da ya bi tasa doguwar hanyar kafin ya sami amsar da ta yi masa daidai.

Saura maganar tsayawa. Yadda gaggawa ke kashe zane, haka yawan taɓawa ke kashe shi, garin gyaran gira a rasa ido. Alamar da nake lura da ita ita ce, idan ka ga kana gyara abu ɗaya ka mayar, ka sake gyarawa ka sake mayarwa, ko buroshin hannunka yana ta ƙanƙancewa kana ta matsawa kusa da ƙyalle har hancinka na neman taɓa fenti, to aikin ya riga ya gama da kai. Ajiye. Kira wani wanda kake jin nauyinsa, kada ka yi masa bayani, ka dubi inda idonsa ya fara sauka da inda ya maƙale. Wannan ya fi abin da zai faɗa da baki amfani, domin baki yakan yi kara.

Na san za ku ce, Baba, duk wannan daidai ne, amma mai aiki ya ba da kuɗi, biki ranar Asabar. Haka ne, kuma alkawari kaya ne. Irin wannan aikin ku yi shi da abin da kuka riga kuka ƙware a kai, ba ranar gwaji ba ce. In lokaci ya ƙure ku ɗauki akirilik, ku bar fentin mai. Tun wurin ciniki ku faɗi ranar da za ku iya da gaske, ku ƙara kwana biyu na kallo a kai, ko da mai aikin zai ɓata fuska. In kuwa fentin mai ya nace a yi masa, ku gaya masa a fili cewa banish ɗin ƙarshe ba a shafa shi sai aikin ya yi aƙalla wata shida, in ba haka ba zai kama ɗanyen fenti ya lalata shi. Ku rubuta ranar da kuka gama a bayan ƙyallen, ku ce ya dawo da shi in lokacin ya cika.